RA'AYINMU: Ƙarfen Liƙi Mai Araha Ba Abin Rainawa Ba Ne

Duk wanda ya saba shiga kasuwannin kan iyaka, tun daga Jibiya da Ɗan Isa har Illela da Birnin Ƙonni, ko Maigatari da Mai'adua, ya san layin 'yan kayan wuta. A can ƙarshen tebur, bayan an jera soket da ƙwan fitila da cajar waya da batura, akan rataye wani ɗan ƙarfe mai mariƙin roba ko na katako, da igiyar wuta a gindinsa. Masu gyara a ɓangaren Nijeriya suna ce masa sodarin ayan, na ɓangaren Nijar kuma fer a sude. Mu a nan za mu kira shi ƙarfen liƙi, tunda aikinsa ke nan, wato a narkar da dalma da shi a liƙe waya da waya. Kuɗinsa da wuya ya wuce na kaza guda, ribarsa kuma ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa 'yan kasuwa da dama ba sa ko tunawa da shi idan za su saro kaya.

An daɗe ana ja-in-ja a kan wannan ƙarfe. Manyan masu gyara da suka kafu kan ce araha ba ta ado, duk wanda yake son ya koyi aikin lantarki da gaske ya yi haƙuri ya tara kuɗi ya sayi na'ura mai ma'aunin zafi, irin ta kamfanin Hakko na Japan ko ta Weller. Mun ji wannan magana, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Sai dai ra'ayinmu shi ne, a irin garuruwanmu, ƙarfen mai araha shi ne ƙofar da yawancin yara ke bi su shiga sana'ar, kuma duk wanda ya ce a jira sai an sami mai tsada, to ya ce ne kada a fara. Da babu gara ba daɗi.

Liƙi da ƙarfe mai zafi dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maƙeran fari sun daɗe suna haɗa azurfa da tagulla, kuma ita kanta kalmar sinadari da muke jin ta kullum a rediyo, asalinta sunan abin da suke liƙi da shi ne. Masu gyaran lagireton mota da masu haɗa fitilar gwangwani har gobe suna sa guntun jan ƙarfe a garwashi ya yi zafi su narkar da dalma. Ƙarfen liƙi na lantarki jikan wannan ne. Idan aka kwance shi ba a samun komai a ciki sai wata siririyar waya mai jure zafi da aka nannaɗe, wadda masu gyara ke kira elemen, da kuma bakin ƙarfen da ke taɓa aiki. Wuta ta shiga, wayar ta yi zafi, zafin ya gangara baki. Rashin tarkace a cikinsa shi ne sirrin arahar, kuma shi ne ya sa ko ya mutu yaro ɗan shekara goma sha biyar zai iya tayar da shi.

Bari mu kawo alƙaluma, domin ɗan kasuwa da lissafi aka san shi. Abin da muke kira dalmar liƙi ba zallar dalma ba ce, gauraye ce da kuza. Wadda aka fi amfani da ita a aikin rediyo da makamantansa ita ce mai kashi 60 na kuza da kashi 40 na dalma, wadda ke fara narkewa a digiri 183 na ma'aunin Selshiyas ta gama narkewa wajen digiri 190. Domin aiki ya tafi da sauri ana son bakin ƙarfe ya kai wajen digiri 320 zuwa 350. Ƙarfe mai wat 30 ko 40 na kasuwa yana kai wannan zafi ba tare da wata wahala ba. Ke nan dalmar ba ta tambayar nawa aka sayi ƙarfen. Wayar caja da ta tsinke, bakin lasifika, makunnin tocila, fitilar sola da ta daina ɗaukar caji, fanka mai batir, rediyon tsoho da ke ƙara idan an murɗa ta, duk waɗannan ƙarfen mai araha yana gyara su tsaf, kuma su ne kashi mafi yawa na abin da ake kawo wa mai gyara a ranar kasuwa.

Ga yaron da ke wasa da kayan lantarki don sha'awa, wanda bai ma kai ga karɓar aikin mutane ba, amfanin ya fi haka. Irin yaran nan da iyaye ke yi wa faɗa saboda sun kwance rediyon gida, waɗanda ke tsintar mataccen caja a juji su ciro abin da ke ciki, su haɗa fitila da kwali ko mota da gwangwani, muddin ba su da abin liƙi to aikinsu ƙulle-ƙullen waya ne da salatif, yau ya yi gobe ya kwance. Ranar da ƙarfen liƙi ya shiga hannunsu, ranar wasan ke komawa koyo. Kuma mai koyo dole ya ɓata kaya. Zai ƙona baki, zai bar ƙarfen a kunne har ya yi baƙi, zai yar da shi a ƙasa. Gara ya yi wannan ɓarna a kan abin da uwarsa za ta iya sake saya masa da kuɗin adashi.

Akwai misali daga Saliyo. Kelvin Doe, wani yaro a Freetown, ya fara tsintar tarkacen lantarki daga shara tun yana ƙarami, ya haɗa batir da janareto, har ya haɗa tashar rediyo tasa yana watsa shiri da sunan DJ Focus. A shekarar 2012, yana ɗan shekara goma sha biyar, aka gayyace shi jami'ar MIT ta Amurka. Ba muna cewa kowane yaro mai ƙarfen liƙi zai je Amurka ba ne, kuma ba ma shi ne abin nema ba. Abin nema shi ne yaron Magarya ko na Kamba ya iya ciyar da kansa da rumfa ɗaya da benci ɗaya, maimakon ya kama hanyar Agadas da niyyar tsallaka hamada.

Abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun ƙara fito da darajar mai gyara. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufe iyaka, Nijeriya kuma ta katse wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha, ba a kuma janye takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. A shekarar 2023 ɗin nan ne kuma darajar naira ta faɗi warwas. Masu karatunmu ba sa bukatar a gaya musu abin da wannan ya yi wa farashin sabon kaya, su ne suka sha. A irin wannan lokaci ba wanda ke yar da tocila don makunni ya lalace, wurin mai gyara ake kai ta. Garin da ke da yara goma masu iya liƙi ya fi jure rufe iyaka a kan garin da komai sai an sayo sabo.

To amma kama da wane ba ta wane. Wajibi ne mu faɗi inda ƙarfen mai araha yake gazawa, domin ɗan kasuwar da ya san iyakar kayansa shi ke riƙe abokin ciniki. Ba shi da ma'aunin zafi, saboda haka idan aka bar shi a kunne ba a aiki da shi yakan wuce digiri 400, bakin ya yi baƙi ya ƙi kama dalma, idan kuma aka ɗora shi a kan fanel ya daɗe sai siririn layin jan ƙarfen ya ɓamɓare. Sannan ƙarfinsa yana bin ƙarfin wutar gari. Idan wutar da ya kamata ta zo bolt 220 ta sauka zuwa 180, kamar yadda takan yi da magariba a unguwanni da yawa, ƙarfe mai wat 40 zai koma kamar mai wat 27. Ga kuma batun sabbin kaya. Tun daga 1 ga Yulin 2006 dokar Tarayyar Turai ta hana dalma a yawancin kayan lantarki da ake sayarwa a can, kamfanoni suka koma wani haɗi na kuza da ɗan azurfa da jan ƙarfe wanda ba ya narkewa sai wajen digiri 217. Wayoyin zamani da wannan aka liƙe su, ga kayan cikinsu ƙanana kamar ƙwayar gero, wasu ma ƙafafunsu a ƙarƙashinsu suke, sai da na'urar hura iska mai zafi ake ɗaga su. Duk wanda ya sayar wa yaro ƙarfe mai wat 60 mai baki kamar ƙusa ya ce masa zai gyara babbar waya da shi, ya haɗa shi faɗa da mai wayar.

A nan ne maganarmu ta dawo kan 'yan uwa 'yan kasuwa, domin abin da ya fi ɓata sunan ƙarfe mai araha ha'inci ne, ba arahar ba.

Na farko shi ne ƙarfen da ba na wutarmu ba. A cikin kayan gwanjo da ke shigowa ta Kwatano da Legas akan sami ƙarafan da aka ƙera don Amurka, inda wutar gida take bolt 110 zuwa 120, ko don Japan mai bolt 100. Idan aka sa irin wannan a wutarmu ƙarfinsa yakan ninka wajen sau huɗu, mai wat 30 ya koma kusan 120, ya yi ja wur cikin ɗan lokaci ya ƙone. Rubutun yana nan a jikin mariƙin ko a kwali, dubawa kawai ake bukata. Wanda ya gani ya yi shiru ya sayar, ya ci kuɗin yaro a banza.

Sai ƙaryar wat. Ana rubuta 60 a kwali alhali abin da ke ciki bai kai 40 ba. Wannan ɗan kasuwa zai iya kama shi tun a wurin saro, da mitar masu gyara, ba sai an sa wuta ba. A juya mitar zuwa ma'aunin om a ɗora a ƙafafun filogin biyu. Ƙarfe na bolt 220 mai elemen na naɗaɗɗiyar waya, idan wat 60 ne na gaskiya zai nuna wajen om 800, mai wat 40 wajen 1,200, mai wat 30 wajen 1,600. Idan kwali ya ce 60 mita ta ce 1,500, to kwalin ne maƙaryaci. Da wannan mita kuma a ɗora ƙafa ɗaya a filogi ɗaya a bakin ƙarfen. Bai kamata ta nuna wani haɗi ba. Idan ta nuna, wuta na zuba a jikin ƙarfen, kuma irin wannan shi ke jan mutum, shi ke kashe ƙananan kayan fanel. Gwajin nan bai ɗaukar minti biyu, kuma dillalin da ya ga kana gwada kaya a gabansa a Alaba ko Sabon Garin Kano ko babbar kasuwar Maraɗi, ba zai sake haɗa maka na banza ba.

Mafi muni a ganinmu shi ne ha'incin dalma, saboda laifin yakan faɗa kan ƙarfen da ba ruwansa. A kasuwar duniya kuza ta fi dalma tsada fiye da ninki goma, saboda haka masu son ƙazamar riba sukan rage kuza su cika dalma, su manna takardar 60/40. Haɗin da kuza ke kashi 30 kacal ba ya gama narkewa sai an haura digiri 250. Yaro zai yi ta dannawa, abu ya yi kamar tuwon da bai nuna ba, liƙin ya fito toka-toka ya ɓalle bayan kwana biyu, shi kuma ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba ko ƙarfen ne ba kyau. Yara nawa suka bar sana'ar saboda wannan, Allah kaɗai ya sani. Dalma mai kyau tana gudu kamar ruwa, ta bushe tana ƙyalli. A narkar da ɗan guntu a gani kafin a ɗauki katan. Haka nan ruwan liƙi mai asid da masu lagireto da masu famfo ke amfani da shi, kada a sayar wa mai aikin rediyo, domin cin jan ƙarfe yake yi a hankali. Abin da ya dace da lantarki shi ne ƙaron nan da ake kira rosin, wanda ma yawanci yana cikin cikin wayar dalmar.

Akwai kuma ɗan abin da ya shafi mu mutanen iyaka musamman. Soket ɗin Nijar da Kamaru da Chadi na Faransa ne mai rami biyu zagayayyu, na Nijeriya da Ghana kuma na Ingila ne mai ƙafa uku. Sakamakon haka sai ka ga an yanke filogi an cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana. Ɗan kasuwar da ya ajiye filogi iri biyu ya ƙara ciniki, ya kuma rage haɗari.

Ta fuskar riba ma, muna ganin ana barin kuɗi a ƙasa. Ƙarfen sau ɗaya ake saye, amma dalma ƙarewa take, baki cinyewa yake, elemen ƙonewa yake. Bakin zallar jan ƙarfe dalma tana cinye shi a hankali har ya yi rami, shi ake gogewa da magagari. Wanda aka lulluɓe da baƙin ƙarfe ya fi daɗewa, amma shi ba a goge shi, da jiƙaƙƙen soso ake share shi, in an goge an kashe shi. Wanda ya ajiye baki da elemen da dalma ta gaskiya da ƙaramar mita da mazaunin ajiye ƙarfe, ya kuma iya yi wa yaro wannan bayani cikin kalma uku, ya sami abokin ciniki na shekaru. Yaron da ya sayi dalmar dala ashirin yau, shi ne zai zo neman na'urar hura iska idan ya buɗe shago.

Kuma ita kanta araha ta canja fuska. Na'urori masu ma'aunin zafi da aka kwaikwaya daga samfurin 936 na Hakko suna fitowa daga Sin da yawa, a farashin da mai gyara na ƙauye zai iya kaiwa. Akwai ƙarafa masu aiki da batirin mota ko na sola, da masu aiki da gas irin na laita, waɗanda ba ruwansu da an kawo wuta ko an ɗauke. Akwai ƙanana masu ma'auni a jikinsu kamar TS100 da kuma Pinecil, wanda ya fito a 2020 a kan kimanin dalar Amurka 25, masu yin zafi cikin daƙiƙoƙi. Sai dai a sani, TS100 a kan bolt 12 ƙarfinsa wajen wat 17 ne, sai an ba shi bolt 24 yake kai 65. Su kuwa 'yan ƙananan da ake sa wa a cajar waya mai bolt 5, siririyar waya kawai suke iyawa. A garuruwan da sola ta fi wutar gwamnati tabbas, muna ganin ƙarfen batir ne ya kamata 'yan kasuwa su fara gwada kawowa.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo lafiya, domin da yara ake magana. Dalma guba ce. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara wajen 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje. Aikin liƙi bai kai wannan haɗari ba ko kusa, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Ɗabi'ar riƙe wayar dalma da haƙori saboda hannu biyu sun cika, da cin goro ko tuwo ba a wanke hannu da sabulu ba, su ne hanyar da take shiga jiki. Hayaƙin da ke tashi kuwa na ƙaron ne, kuma yawan shaƙarsa yana jawo asma, don haka a yi aiki inda iska ke wucewa. Sai gobara. An ɗauke wuta, mai rumfa ya bar ƙarfe a soket a kan benci ya tafi gida, an dawo da wuta cikin dare. Rumfunanmu na katako ne da buhu da leda, a manne da juna. Ya kamata sarakunan kasuwa da shugabannin layi su sa ya zama doka cewa ba mai rufe rumfa sai ya zare komai daga soket.

Ga hukumomi kuwa, roƙonmu kaɗan ne. Jami'an duwan da kwastan su bambanta kayan aikin hannu da kayan ƙawa idan ana yanke kuɗin fito. Hukumar SON ta Nijeriya da takwarorinta na maƙwabta su juya ido kan dalmar jabu da ƙarafa masu zubar da wuta tun daga tashar jirgin ruwa, maimakon a bari sai kaya sun iso hannun mai tebur a kama shi. Makarantun koyon sana'a da ke kukan rashin kayan aiki kuma su yi lissafi: kuɗin babbar na'ura guda da malami zai kulle a kabad zai sayi ƙarafa masu araha da za su ishi aji guda, kowane ɗalibi da nasa a hannu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa ma ba sai sun jira gwamnati ba. Katan ɗaya na ƙarfe mai wat 40 da aka gwada da mita, da 'yan naɗin dalma mai kyau, ya isa a kai wa makarantar sana'a ta garin kafin a koma hutu.